Goro a Cikin Waya

Hafizu ya aika wa baffansa goron suna ta waya.

Malam Sha'aibu yana zaure yana ƙulla ragar kamun kifi lokacin da 'yarsa Shamsiyya, wadda ta zo ganin gida daga Kiru, ta durƙusa a gabansa da wayarta a hannu.

"Baba, matar Yaya Hafizu ta sauka. Namiji."

"Alhamdu lillahi. Wa ya zo?"

"Ba wanda ya zo. A guruf ɗin dangi ya sa. Bari ka ji."

Ta danna. Muryar Hafizu ta fito, a bayanta ana jin ƙugin babura. Ya gai da iyaye da yayye da abokan arziki baki ɗaya, ya ce Hamdiyya ta haihu, suna ranar Asabar a Doguwa. Ya ce ga goro nan a ƙasa, wanda ya gani ya shaida wa wanda bai gani ba. Shamsiyya ta ja hoton sama da yatsa. Goro ne fari da ja a faranti, an zagaye shi da furanni, wani abu yana ta ƙyalli a gefe.

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Haka ake yi yanzu."

"Ni ne wanda bai gani ba ke nan."

Ya koma kan ragarsa. Ƙulli biyu ya yi, duka suka kwance.

Ba yau waya ta fara ɓata masa rai ba. Yana da tasa ƙarama mai maɓallai, wadda aka tilasta masa riƙewa. Yana tsakiyar alwala za ta ɗau kuka, ya ɗauka da jiƙaƙƙen hannu, sai ya ji wata mata tana tallar waƙa, ba ta amsa sallama, ba ta kuma jin tsawa. Idan shi ke son magana da mutum, sai ya hau tudun bayan masallaci kafin a sami sabis. In ya hau, caji ya ƙare. In ya kai caji shago, a ce injin ba mai. Duk wannan ya haɗiye. Amma goro ba abin da za a sa a cikinta ba ne.

Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, shi da ƙaninsa Muhuyi samari ne. Dangi suka watse, wasu Bebeji, wasu Badafi, wasu Tudun Wada. Shi ya tsaya a bakin ruwa ya koyi su da noman rani. Muhuyi ya bi ƙasar noma har gindin duwatsun Doguwa. Kafin a rabu, dattawa suka yanke magana ɗaya: haihuwa ko aure ko mutuwa, namiji daga gidan da abin ya faru shi zai taka da ƙafarsa zuwa wurin babban dangi. In abin farin ciki ne, ya riƙo goro a ganye. Ya ci tuwon gidan, sannan ya juya. Gari ya nutse, wannan ce ta hana mutanensa nutsewa.

Ranar da aka haifi Hafizu, Muhuyi ya taso a keke. Taya ta fashe a daji, ya turo shi har ƙofar wannan zauren, dugadugansa sun tsage, goron yana ƙulle a cikin hularsa. Yanzu Muhuyi yana ƙasa. Sha'aibu ne babba. Shi zai raɗa wa jaririn suna, kuma kowa ya san sunan da za a sa. Muhuyi ne zai dawo gidan.

Washegari ya sa aka fitar da tabarmarsa waje, ya ce zaure ya yi zafi. Daga nan ana hango hanyar da ta fito daga titi. Duk babur ɗin da ya karyo kwana sai ya ɗaga kai. Mai kifi ne. Mai taki ne. Wani malamin makaranta ne.

Matarsa Luba ta kawo masa fura ta tsaya a kansa.

"Malam, ni dai na ga babbar riga a kan igiya. Ban san aljanin da ya ba da wankinta ba."

"Datti ta yi."

"A cikin akwati? To, takalmin ma datti ya yi aka kai shi ɗinki?"

"Ajiye furar ki tafi."

Ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin tabarma.

"Kai da ba ka iya tauna goro sai na goge maka a magogi, mene ne naka na tada jijiyar wuya? Yaron nan matarsa ta sha wuya. An ce sai da aka ƙara mata jini. Ga hanyarsu yadda ruwa ya cinye ta."

"Ubansa jirgin sama ya hau?"

"Ubansa ba shi da waya."

"Yana da kunya."

Luba ta tashi ta koma cikin gida. Shi ma ya san abin da ta faɗa gaskiya ne. Hafizu ba lalatacce ba ne. Shi ya wanke ubansa da hannunsa. Amma gidan akwai Khalifa, akwai Zayyad, ƙannensa, ƙarti masu gemu, kowanne da babur. In har babu wanda zai iya tasowa a cikinsu, to ranar da shi Sha'aibu ya mutu ma hoton makara za a sa, a zagaye shi da furanni. In kuma ya tashi ya tafi a kan wannan kiran, shi da kansa ya binne maganar dattawa. In ya ƙi, wani bare ne zai raɗa sunan ƙaninsa a kunnen jikansa, gidajen biyu kuma ba za su ƙara zama ɗaya ba. Ya juya abin ta kowane gefe, bai ga inda ba ya ciwo ba.

Ranar Alhamis wayarsa ta yi kuka. Ya duba, bai iya karatun boko ba, amma Shamsiyya ta ce Hafizu ne. Ya ja gwiwarsa mai ciwo ya hau tudu cikin rana.

"Baffa, ina wuni? Kana ji na?"

"Ina jin ka."

"Hala ka ga saƙo? Baffa? Hello?"

"Na ce ina jin ka. Hafizu, gidanku maza sun ƙare ne?"

"Baffa, maganarka tana yankewa. Ka ɗan matsa."

Ya matsa. Ya juya gabas, ya ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Wasu mata masu dawowa daga rijiya suka sunkuyar da kai suka wuce. Da ya mayar da ita kunne, babu kowa. Ya tsaya a nan da maganarsa a baki, mai shekara kusan tamanin, yana yi wa ƙarfe tsawa a bayan masallaci. Ya sauko a hankali.

Shamsiyya ta ga fuskarsa. Ba ta gaya masa ba, ta shige ɗaki ta yi wa Hafizu saƙon murya, ta ce Baba fa goro na gaske yake so, a yi wani abu.

Ranar Juma'a bayan la'asar hadari ya haɗo daga kudu. Wani babur ya karyo kwana, bai wuce ba, ya tsaya daidai tabarmar. Tsohon ya ɗaga kai. Ya gyara hularsa. Amma mutumin da ke kai ba Khalifa ba ne, ba Zayyad ba ne. Wani magidanci ne da tabarau, bai kashe injin ba, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Salamu alaikum. Baba, nan ne gidan Sha'aibu mai kifi?"

"Wa alaikumus salam. Ni ne."

"Yauwa. Ga saƙo." Ya miƙo baƙar leda daga kan babur. "An ce in ba ka, in kuma ɗauko ka zuwa Doguwa. A taimaka a yi sauri, Baba, ka ga sama."

Malam Sha'aibu bai miƙa hannu ba.

"Ɗan wane gida ne kai?"

"Ni? Ɗan acaɓa ne a tashar Tudun Wada."

"Ka san wanda ya aiko ka?"

"Wallahi ban taɓa ganinsa ba. Wani ne ya ba shi lambata. Ya kira ya ce in sayi goro mai kyau a kasuwa. Kuma mai kyau na zaɓa, duba ka gani."

"Ka san abin da aka haifa?"

Mutumin ya yi dariya. "Au, haihuwa aka yi? Allah ya raya."

Luba tana bayan ƙyauren zaure, babbar rigar a ninke a hannunta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, don Allah. Jinin Muhuyi ne. Yaro ya yi iya abin da ya gane. Ka je ka faɗa masa a gabansa, ka ja kunnensa. In ba ka je ba, wa zai koya masa?"

Shamsiyya tana bayanta tana share ido da gefen mayafi.

Tsohon ya dubi ledar tana lilo a hannun baƙo. Ya dubi hanya, ko akwai wani babur a baya. Babu. Iska ta fara ɗaga gefen tabarma. Leɓensa ya motsa kamar zai ce a miƙo rigar. Sai ya dafa ƙasa ya miƙe, ya tsaya tsaye sosai duk da gwiwar.

"Baba, mu tafi ne?" in ji mai babur.

"Mayar masa da kayansa," in ji Malam Sha'aibu. "Ba zan karɓa ba, kuma ba zan je ba."