Jinin da Ya Zuba Kan Tantabaru a Kasuwar Kurfi

Safiyar da Sabitu mai faci ya buɗe ɗakin tantabarunsa ya iske na ƙarshensu a kwance, wuya a murɗe, bai yi kuka ba. Ya kwashe gawarwakinsu duka cikin buhun siminti, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi shagon Malam Tukur da ke hanyar Zobe, ya zazzage su a bakin ƙofa.

Malam Tukur tela ne, amma a Dutsin-Ma an fi saninsa da tantabaru. Shi ya buɗe zauren WhatsApp inda masu kiwon tantabarun ƙawa, daga Dutsin-Ma har Kurfi, suke saka hotuna suna ciniki. Dokarsa guda ce: duk tsuntsun da aka yi cinikinsa a zaure sai ya fara zama a wurinsa, ya ga cinsa da kashinsa, ya tabbatar lafiya lau yake, sannan mai saye ya ɗauka.

Ya tsayar da keken ɗinki, ya fito ya durƙusa, ya juya ɗaya da tsinke.

"Inna lillahi. Wannan ai ciwo ne aka kawo maka. Wa ka saya wurinsa?"

"Rabi'u na Rawayau."

"Ban gan su a nan ba."

Sabitu ya kau da kai. Rabi'u ya saka bidiyon wasu tantabaru farare tas guda biyu a zaure, masu wutsiya kamar mafici, sannan ya bi shi ta bayan fage ya ce wani Alhaji daga Katsina na hanya, in yana so ya zo yanzu. Sabitu ya same shi a bakin titi ya karɓa. Kafin a jima fararen suka fara gyangyaɗi, sauran suka bi. Tun yana yaron shago yake tara tantabarun nan. Har sunaye ya raɗa masu.

Malam Tukur ya kira Rabi'u, waya a kashe. Da ya yi cigiya a zaure, Hajiya Murja, mai sayar da atamfa a Kurfi, ta turo saƙon murya ta ce ita ma haka ya yi mata, kunya ce ta hana ta faɗi. Daga nan Malam Tukur ya ɗauko hoton Rabi'u ya saka, ya rubuta a ƙasa cewa kada kowa ya sake sayen tsuntsu a hannun mutumin nan, macuci ne. Ya cire shi daga zaure.

"Shi ke nan, Malam?" in ji Sabitu. "Ka cire shi, shi ke nan?"

"Mu kai wa mai garinsu. Ni zan raka ka."

"Mai gari zai tashe su?"

Sabitu ya hau babur ya tafi, ya bar gawarwakin a ƙofar shago.

Abin da Malam Tukur bai yi tunani ba shi ne hoto ba ya zama inda aka ajiye shi. Wani ya tura zauren unguwarsu, wani ya tura na 'yan acaɓa. A hanya macuci ya koma ɓarawo. Kafin hoton ya isa Kurfi wani ya ƙara masa cewa infoma ne, mai kai wa ɓarayin daji labarin gari. A ƙasar da kusan kowa ke da wanda aka sace ko aka harbe, wannan kalma ba ta da maraba da ashana a rumbu.

Ranar kasuwar Kurfi, da hantsi, Hajiya Murja ta kira Malam Tukur.

"Malam, ka zo. Sabitu ya sa wani ya kira Rabi'u da sabuwar lamba, wai zai sayi tantabaru. Ga shi can layin kaji yana jiransa, da ƙarfen cire taya a cikin riga. Na gan shi da idona."

Ko shago bai rufe ba. Ya hau babur da zaren awo a wuya, ya kama hanyar Kurfi.

Tun daga bakin kasuwa ya ji ihun. Ya yar da babur ya kutsa.

Sabitu ne ya fara. Rabi'u na sauke kwandon tantabaru daga bayan kekensa ƙarfen ya same shi a kafaɗa, ya faɗi kan kwandon, tsuntsayen suka watse sama. Sabitu ya take masa ƙirji yana ta maimaita, "Ka sani ko ba ka sani ba?" Da abin ya tsaya nan, da faɗan mutum biyu ne, an raba. Sai wani cikin masu kallo ya ɗaga waya.

"Shi ne! Shi ne infoman nan!"

Kasuwa ta rufto. Mai itace ya zaro faskare, mai rake ya kawo nasa, waɗanda ba su da komai suka tsinci dutse. Lokacin da Malam Tukur ya ratsa tsakiya, rigar Rabi'u ta rine da jini, bakinsa ya fashe, yana rarrafe zuwa ƙarƙashin teburin wani mai gishiri, ana janyo shi ta ƙafa. Wani saurayi ya sauke masa bulo a gefen fuska. Can baya ana kiran a kawo fetur.

Shi kansa Sabitu ya ja da baya, ƙarfe a hannu, baki buɗe.

"Ba infoma ba ne!" Malam Tukur ya kwarara ihu. "Ni na saka hoton! Tantabaru ne, jama'a, maganar tantabaru ce!"

Ba wanda ya ji. Sai ya faɗa kan Rabi'u, ya rungume masa kai da hannu biyu. Faskaren da aka ɗaga wa Rabi'u ya sauka a bayan hannun damansa, ya ji ƙashi ya ba da sauti kamar an karya kara. Na biyu ya same shi a haƙarƙari. Dutse ya tsaga masa goshi, jini ya rufe masa ido, bai saki ba.

"Abokinsa ne! A haɗa da shi!"

Hajiya Murja ce ta tsaga taron, mayafi ya zame, ta tsaya a kansu.

"Wannan Malam Tukur tela ne na Dutsin-Ma! Kai Ɗanjuma, ba shi ya ɗinka maka kayan aure ba? In kisa za ku yi, ku fara da ni, kun san gidana!"

Ɗanjuma mai itace ya dubi fuskar da ke ƙasa, faskaren ya sulale daga hannunsa. Sabitu ya yar da ƙarfe ya shigo, ya ba taron baya ya buɗe hannuwa, duwatsu biyu suka same shi. Wannan ɗan jinkirin ya ba dattawan layin hatsi damar kewaye su, har motar 'yan sanda ta iso. Galan ɗin fetur ya zo, amma wanda ya ɗauko shi ya ajiye ya sulale.

A asibiti gado ɗaya ne tsakanin Malam Tukur da Rabi'u. Idon hagu na Rabi'u ya tafi, likita ya ce babu abin yi. Da ya fara iya magana, Malam Tukur ya juyo ya tambaye shi.

"Don Allah ka gaya min. Ka san ba su da lafiya?"

Rabi'u ya dubi silin da idon da ya rage.

"Nawa sun fara mutuwa. Na ba waɗannan magani suka miƙe, na ce bari in rabu da su kafin su bi." Ya juyo ya dubi Malam Tukur. "Amma Malam, wallahi ban san kowa a daji ba."

"Na sani."

Hannun Malam Tukur ya haɗe, sai dai yatsu biyu sun sandare, almakashi ya gagare shi. Yanzu sai wani ya yanka masa, shi ya ɗinka. Matarsa Talatu ta ce ya rufe zauren nan ya huta. Ya ƙi, ya ce in ya rufe macutan ne za su ji daɗi. Amma ya hana saka fuskar kowa. Wanda ya cuci wani, a cire shi, a kai maganar gaban manyan garinsu, mutum da mutum. Hajiya Murja ta karɓi duba tsuntsayen ɓangaren Kurfi, don kada nisa ya zama hujjar bi ta bayan fage.

Sabitu kuwa yana tsare, shari'a ba ta ƙare ba. Ranar da Malam Tukur ya kai masa fura, ya ajiye kwanon a gabansa. Sabitu na ta kallon hannun da ya sandare.

"Malam, Rabi'u yana gani?"

"Da ɗaya."

Sabitu ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Malam Tukur ya tura masa kwanon da hannun hagu.

"Sha, kafin ta yi tsami."