Kwanan Wata a Jikin Fasta

Manaja ya ɗaga fastar da yatsu biyu, ya shimfiɗa ta a kan teburin yankan takarda.

"Auta, karanta min wannan layin."

Auta ta sunkuya. Ita ce mai tsara shafi, kuma ita ce ƙarama a cikin ma'aikatan maɗaba'ar, shi ya sa sunan ya bi ta.

"Gwajin ido kyauta, ranar ashirin da ɗaya ga wata." Ta ɗago da sauri. "Ranka ya daɗe, sha huɗu na rubuta. Masu asibitin sun kira ni sun ce an matso da ranar."

"Sha huɗu kika rubuta, injin ne ya ga dama ya canza? Kwafi dubu uku! Masu asibitin har sun fara mannawa a bango."

Shugaban sashe, wanda kowa ke kira Jan Biro saboda ba ya ganin takarda ya ƙyale, yana tsaye kusa da tarin katan. Ya buɗe baki, sai tari ya fito.

Makon jiya likita ya ce masa jininsa ya hau, Manaja kuma ya ce ya rage wa kansa kaya. Sai Jan Biro ya tara mutanensa, ya ce aikin asibitin ido na Auta ne tun daga farko har ƙarshe: ita za ta yi magana da su, ita za ta tsara, ita za ta sa hannu. Mai inji, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, har ya ce a kawo masa kujera ya zauna, yau ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Amma jiya da safe Jan Biro ya riga kowa zuwa. Ya ce bari dai ya leƙa. Ya buɗe fayil ɗin, ya ga sha huɗu, ya jawo wasiƙar asibitin ta farko daga durowa, ya ga ashirin da ɗaya. Ya gyara, ya rufe. Har daɗi ya ji. Bai gaya mata ba, a cewarsa don kada ta ji kunya.

"Daga yau kin bar kan kwamfuta," in ji Manaja. "Ki koma wajen naɗe takarda. Takardar gargaɗi kuma za ta same ki kafin a tashi." Ya juya wajen Jan Biro. "Ka ga ashe da gaskiyarka. Ba kowa ake sakar wa aiki ba."

Jan Biro ya gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan shi ya tsaya masa a wuya har azahar.

Daga teburinsa yana hango Auta ta gilashi. Tana naɗe ƙananan takardun talla, tana daidaita gefe da farce, ba ta kallon kowa. Mai inji ya wuce ta gabansa sau biyu, bai yi masa ba'ar da ya saba ba.

Matarsa ta kira ta tambaya ko ya sha maganinsa.

"Na sha."

"Muryarka ba ta sha ba. Me ya faru, Abban yara?"

Ya fita bakin ƙofa, inda ƙarar injin ba ta kai sosai, ya gaya mata komai.

"Yarinyar nan da ta zo duba ni da na kwanta?"

"Ita."

"To ni me zan ce? Ko gishirin miya sai ka bi bayana ka ƙara, amma ni ba a ba ni takardar gargaɗi." Ba ta yi dariya ba. "Ka ci abincinka dai."

Bai ci ba. Ya hau bene zuwa ofishin Manaja, ya tarar sakatariya ta gama buga takardar, saura sa hannu.

"Yallaɓai, ni na canza ranar."

Manaja ya cire tabarau. "Kai? Da safe kana ina?"

"Ina tsaye."

Manaja ya ninke takardar ya jefa a kwando. "Shekara goma sha shida ban taɓa kama ka da kuskure ba. Ashe sai ranar da ka huta za ka yi. Je ka gaya mata da bakinka. Taka takardar kuma gobe."

Ya sauko. A gaban mai inji da masu naɗi ya faɗa wa Auta. Auta ta ƙarasa ninke takardar da ke hannunta kafin ta amsa.

"Na sani, Malam. Kwamfuta tana nuna lokacin da aka taɓa fayil. Ƙarfe bakwai saura kwata, kai kaɗai ke da makulli."

"Me ya hana ki faɗa?"

"A gaban Manaja in ce kai ne? Kai ka koya min aikin." Ta goge hannu a jikin rigar aiki. "Amma wallahi na ji ciwo."

Ya rasa inda zai sa idonsa. "Aikin naki ne har yanzu, idan kina so."

"Ina so." Ta miƙe, ta dubi mai inji. "Baba, a wanke farantin injin, cikin awa ɗaya zan turo sabo." Ta sa biyu daga masu naɗi su je su ciro waɗanda aka manna. Sannan ta juyo gare shi.

"Kai kuma, Malam, ka kira asibitin ka ba su haƙuri. Wannan kam ba zan iya yi maka ba."

Ya laluba aljihu ya ciro waya, sai ya tsaya.

"Ba ni da lambarsu."

Ta jawo ɗaya daga fastocin da suka lalace, ta kifa ta, ta rubuta masa lambar a baya.