Fararen Tsaki a New Bell

Shekara goma sha huɗu Jibirin ya yi yana aiki a biro, wato ofishin wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Duwala. A farkon shekarar 1991 aka kira su su tara, aka miƙa wa kowa takardar sallama. Ya dawo gidan mahaifiyarsa a unguwar New Bell da farar rigarsa mai guga, ya zauna. Sai da ya kwashe wata biyu yana zaman nan kafin ya yanke shawarar kiwon kaji.

Har PK 14 da ke can bayan gari ya je ya sayo 'yan tsaki irin na gidan gona, farare tas, cikin kwali biyu. Ya kewaye wani lungu na tsakar gida da waya, ya yi musu rumfa da tsohon kwano.

Mahaifiyarsa, Nana Hadiza, ta leƙa cikin kwalin ta daɗe tana kallo. Ita ma tana da kajinta na gida guda biyar, waɗanda ba wanda ya taɓa saya wa abinci.

"Waɗannan ba su da uwa?" ta tambaya.

"Inji ne ya ƙyanƙyashe su, Inna. Wata biyu kacal sun isa yanka."

"To, Allah ya raya."

Bai yi mako uku da kawo su ba aka shiga vil mort, yajin aikin gama-gari da 'yan adawa suka kira. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba motar kwasar shara. Juji ya taru a bakin layinsu har ya toshe kwata, ruwan sama ya jiƙa shi, ya riƙa wari. Shirwa ta samu wurin zuwa, ɓeraye kuma suka yi ƙiba.

Wata ranar Talata da hantsi, yana wanke mazubin ruwan tsakin, ya ji jar kazar Inna ta yi wani siririn kuka mai tsawo. Kafin ya ɗaga kai, 'ya'yanta bakwai sun ɓace. Sai da ya zuba ido sosai ya gane suna nan, sun lafe a ƙasa cikin busassun ganyen mangwaro, launinsu ɗaya da ganyen, ko motsi babu. Nasa kuwa suna tsaye a fili, farare kamar an shanya auduga, suna ta tsattsaga. Shirwa ta sauko ta ɗauki ɗaya. Sauran suka ɗan watse, suka dawo kan abincinsu.

Daga ranar Jibirin ya zama mai gadi. Yakan ɗauko kujera da doguwar gora ya zauna tun safe. Da yake ba shi da abin yi sai kallo, ya fara gane harshen jar kazar. Idan abin daga sama yake, kukanta siriri ne, 'ya'yan su lafe. Idan muzurun maƙwabta ne ya hau katanga, sai ta yi ta kyarkyara da ƙarfi, 'ya'yan su ruga ƙarƙashin tulin itace, ita kuma ta kumbura gashinta har ta ninka girmanta, ta tunkare shi. Rannan muzurun ya cafke ta ta baya. Ta fizge, ta bar masa gashin jela cike da baki, ta haye reshen mangwaro.

"Inna, wa ya koya musu wannan duka?" ya tambaya da rana, tana tsince shinkafa.

"Ba wanda ya koya musu. Wadda ba ta iya lafewa ba, shirwa ta cinye ta tun zamanin kakannin kakanninta. Wadda ba ta iya tashi sama ba, muzuru ya gama da ita. Waɗanda suka rage su ne suka yi ƙwai." Ta watsa wa kajin tsakuwar shinkafa. "Naka kuwa, su da iyayensu a ɗaki aka tashe su. Ba abin da ya taɓa korar su."

Ya tuna an taɓa koya musu wani abu mai kama da haka a lise, makarantar sakandare, da Faransanci, da hoton malam-buɗe-littafi a allo. Ya ci jarrabawar a lokacin, bai kuma sake tunawa da ita ba.

Maƙwabcinsu Ɓoɓɓo, wani Bafulatanin Garwa mai sayar da nama, shi ya ba shi shawarar rini.

"Sayi maganin nan shuɗi da ake shafa wa ƙuraje, Malam Jibirin. Ka tsoma su ciki. Shirwa ba ta san shuɗin tsako ba."

Ranar Asabar da aka buɗe kantuna ya sayo, ya rina su ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa ya yi mako guda bai koma daidai ba. Dabarar ta yi aiki kwana goma, shirwa ta zo ta yi shawagi ta wuce. Amma ɓeraye ba ruwansu da launi. Suka haƙo rami ta ƙarƙashin waya, kullum da safe sai ya tarar da ɗaya ko biyu an ja su an ci rabi. Kajin Inna kan bishiya suke kwana, nasa kuwa sun yi nauyin da ko kan bulo ba sa iya hawa. Ya binne fasassun kwalabe a gindin wayar, ya toshe ramuka da siminti. Ya toshe nan, su ɓullo can. Kafin ya gama da ɓeraye, sabon farin gashi ya fito wa kajin, shirwa ta dawo.

Sai kuma abincinsu ya yanke. Mai sayarwar ya ce mota ba ta shigo ba, wata Asabar ɗin ma haka. Jibirin ya ba su dusa da ragowar tuwo, ya sake su ko za su yi tono kamar na gida. Suka tsaya a bakin ƙofar keji suna jiran a zuba musu.

A watan Yuli goma sha ɗaya suka rage, ramammu, da ɗan shuɗi a bakin fukafukai. Wata safiya ya fito da gora, ya zauna, sai ya ji ba zai iya ƙara wuni ɗaya yana kallon sama ba. Wuyansa ciwo yake yi.

"Inna, a ɗora ruwan zafi," ya ce.

Ta ɗora ruwan. Ɓoɓɓo ya zo da wuƙarsa ya taya shi yanka su. Aka aika wa maƙwabta, aka soya sauran. Naman bai da yawa, yaran gidan dai sun ji daɗi.

Washegari ya kwance wayar, ya naɗe ta ya jingina a bayan ɗaki. An ce masa wani surukinsu Husaini ya buɗe shagon kayan gini a unguwar Ndogpassi, yana neman wanda ya iya Faransanci. Ranar Litinin ce, ba mota a titi. Ya ɗauki lema ya kama hanya da ƙafa, ana yayyafi.