Ƙofar Ɗakin Inji

"Mutumin nan ba zai kai Juma'a ba," in ji tela, muna tsaye a bakin gidan Injiniya. "Shi ma ya sani. Cokali ya faɗi sai ya zabura."

"Sojan ruwa da tsoro?" mai shago ta ce. "Shekara talatin yana gadin inji a ƙasan jirgin yaƙi, me ya rage bai gani ba?"

Kafinta ne ni, ni na haɗa masa akwatin gilashin da yake jera lambobin yabo, nasa da na wasu sojoji da yake nemowa wurin magadansu. Da ganinsa ya ragu, ni nake rubuta 'yar takardar da ake liƙawa ƙarƙashin kowace: mai ita, jirginsa, shekara. Ina da shekara hamsin na koyi rubutu, don haka a hankali nake jan biro. Yakan ce, "Kafinta, kafin ka gama harafi ɗaya jirgi ya je ya dawo."

Ranar Talata da hantsi ya damƙe hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Akwai lamba guda da ban taɓa ba ka ka rubuta ba. Tawa ce. Ruwa ya fashe mana a ɗakin inji. Doka ita ce a rufe ƙofar ƙarfe, ko wa ke ciki, in ba haka ba jirgi duka ya tafi. Mataimakina yana ciki. Na murɗa ƙofar na kulle. Yana bugawa da sifana, ina ji, har ya daina."

Ya yi ta haki.

"Suka ba ni lamba. 'Yarsa kuwa na ce mata nan take ya mutu, bai sha wuya ba. Yanzu ga ni zan je in same shi da ƙaryar nan a bakina. Kafinta, tsoro nake ji."

Ya faɗa mini makarantar da 'yar mataimakin take koyarwa, ya ce in kira masa ita. Kwana biyu ina zuwa ina juyawa daga bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. Kowace dawowa sai na tsaya a tsakar gidansa na kasa kunne, ko yana numfashi.

Alhamis na yi ta maza na shiga. Ta biyo ni da alli a yatsunta. A ranar ya cika, bayan la'asar, amma mun riske shi da sauran numfashi.

Ta durƙusa gefen gadon. "Baba, ga ni. Sannu da jiki."

Ya faɗa mata komai, da sifanar, da tsawon lokacin da aka ɗauka. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma janye hannunta daga kan bargon ba. Na juya fuskata bango.

"'Yata," ya ce, da ƙyar ake jin muryar, "ni na rufe. Ki yafe mini."