Makokin Papa Zambo

Papa Zambo da matarsa Honorine sun bar unguwar Essos ta Yawunde da sassafe, a farkon watan Agusta, ba su yi wa kowa sallama ba. Kiribi za su, su kalli teku. Ba biki, ba rasuwa, ba asibiti. Hutu kawai, abin da ba wanda ya taɓa yi a layin.

Mutum ɗaya ce ta sani, Ma Ngono, maƙwabciyarsu mai gasa kifi a bakin titi. Ana gobe tafiya Honorine ta kira ta, ta rufe ƙofa, ta nuna mata kyanwoyi biyu a kan kujera. Baƙin muzurun sunansa Kanal, jar macen kuma Margarin. 'Yar Honorine ce ta bar mata su da za ta tafi karatu, kuma tun ranar ba su taka waje ba. A Essos, tsohuwa mai baƙar kyanwa ba ta bukatar wani laifin kafin a kira ta mayya. Shi ya sa ba a kashe rediyon gidan. Kullum yana tashar coci, waƙa na rufe kukansu.

"Rantse," in ji Honorine, ta miƙa mata carbi.

"Haba ƙawata, a kan mage?"

"A kan abu biyu. Kada ki gaya wa kowa mun yi tafiya. Ɓarayi su ji, su kwashe gidan. Dangin Zambo su ji, su biyo mu har bakin teku da jakunkunansu. Sannan ƙofar nan ba ta buɗuwa ga kowa sai ke. Asabar ta sama zan dawo, in same su su biyu."

"In wani abu ya taso fa? In kira ki?"

Honorine ta ja durowa. Wayarta da ta mijinta na ciki.

"Hutu na ce miki."

Honorine ce ta yi jinyar Ngono lokacin da aka yi mata tiyata. Don haka ta rantse.

Abin da su biyun ba su sani ba shi ne jikin Ngono ba ya shiri da gashin kyanwa. Kyanwoyin kuwa suna shiri da ita sosai, saboda ƙamshin kifi. Tana shiga suke haye ta. Safe da yamma take shiga da rufaffen kwano, ta fito idanu jajur, hanci na zuba, ta kulle ƙofa da sauri, waƙar coci na biyo ta.

Ma Bilo'o, shugabar mawaƙan coci, ta kalli wannan shiga da fita daga barandarta har ta gamsu. Sai ta ɗaura kallabi ta tsallako.

"Ngono, ina Papa Zambo?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Honorine fa?"

"Ita ma ba zan iya faɗa ba."

Ma Bilo'o ta gyaɗa kai. Ta san ƙa'ida: ba a sanar da rasuwar magidanci sai yayansa na ƙauye ya ji tukuna. Ta kira lambar Papa Zambo. Dukansu suka ji wayar tana ƙara a cikin gida, ba wanda ya ɗauka. Daidai nan aka ɗauke wuta, rediyo ya yi shiru, Kanal ya saki dogon kuka mai sauka a hankali.

"Wayyo Honorine!" in ji Ma Bilo'o, ta dafe ƙirji. "Har muryarta ta canja."

"Ma Bilo'o, wallahi bai mutu ba."

"Haka ne, 'yar uwa. Yana raye a wurin Ubangiji."

"Ina nufin da ƙafarsa yake tafiya."

"To yana ina?"

Ngono ta buɗe baki, ta tuna carbi, ta yi atishawa.

Kafin yamma kujerun roba sun cika ƙofar gidan. Washegari aka kafa rumfa, ta tare rabin titi, 'yan acaɓa suna kewayawa ba ƙorafi. Ba wanda ya tambayi gawa. Kowa ya san tana mutuware, kuma a Yawunde gawa kan yi wata a can kafin dangi su gama gardama. Tsoffin abokan aikinsa na ma'aikatar safiyo suka buga kyalle mai hotonsa. Hoton da suka samu na ranar aurensa ne, lokacin yana da suma.

Ba wanda ya yi mamakin rashin ganin Honorine. Matar mamaci a ƙasa take zama, a ɗaki, da mace ɗaya mai yi mata hidima. Ngono aka bar wa wannan matsayi, tunda ita ke da makulli. Mata suka shiga aiko abinci: ndole, wato miyar shuwaka, da jatan lande, kifi a miyar gyaɗa, naman kaza da agada daga matar wani kwamanda. Ngono ta yi ta shiga da kwanuka. Tana tsince nama da kifi ta ba kyanwoyin, sauran ta juye a bokiti ta ɓoye a bayi. Kwanuka na fitowa tas.

"Tana ci dai?" in ji Ma Bilo'o.

"Ana ci."

"Madalla. Baƙin ciki ma da ƙarfi ake yinsa."

A mako na biyu Baba Mbida ya iso daga ƙauye, yayan mamacin, da sanda, da matansa, da buhun da babu komai a ciki. Ya zauna a kujerar gaba, ya sha giya ɗaya, sannan ya ce a buɗe masa ƙofa. Haƙƙinsa ne ya tambayi matar ƙaninsa abin da ya kashe mata miji.

Ngono ta tsaya ta yi tunani, tunanin bai ɗauki lokaci ba. Idan ƙofar ta buɗu, jama'ar da ta yi kwanaki tana ciyar da Honorine, tana sauraren kukanta, za ta shiga ta tarar babu Honorine, sai baƙin muzuru a kan kujerarta yana lasar ndole. Babu mai bukatar bayani. Kuma Baba Mbida da sanda ya zo.

"Baba, ba ta shirya ganin maza ba."

"Maza? Ni na kai sadakinta, ke 'yar kifi!"

"To ka tambaye ta ta nan, in shiga in kawo amsa."

Haka aka yi. Ngono ta shiga ta kulle. Baba Mbida ya sa baki a jikin katako.

"Honorine! Me ya kashe ƙanina Barnabe?"

Kanal, wanda Ngono ta taka wa jela ba da niyya ba, ya amsa da ƙarfi.

"Me ta ce?"

"Ta ce ita ma ba ta san an yi haka ba," in ji Ngono daga ciki.

"Ya bar wasiyya a kan firij?"

Margarin ta yi wani siririn kuka.

"Ta ce firij ya lalace."

"Ya lalace ko ta ɓoye?" Ya juya ga jama'a. "Kun ji muryar nan? Wannan muryar mai gaskiya ce? Yau sai na gan ta da idona."

Nan Ma Bilo'o ta miƙe. Ba don Ngono ba. Ita dai ba ta yarda mutumin da ya zo makoki da buhu ya ba da umarni a layinta ba.

"Baba, nan birni ne. Ba a fasa wa mace ɗaki don firij."

"Ke kuma wace ce?"

"Wadda ta biya giyar da ke hannunka."

Aka yi ta ja har rana ta karkata. A ƙarshe Ngono ta fito, ido kamar gauta, ta ce Honorine ta yarda za ta bayyana a gaban kowa ranar Asabar da rana. Wannan ce kaɗai maganar gaskiya da ta faɗa a yinin, kuma ita ce Baba Mbida ya fi shakka. Ya ce zai jira, amma zai zo da kafinta.

Ranar Asabar rumfa ta cika. Rana ta raba, motar Kiribi ba labari. Kafinta ya iso da guduma da ƙarfen ɓalle ƙusa. Baba Mbida ya nuna masa ƙofa da sanda.

Ngono ta tsaya a gaban ƙofar, ta ɗaga carbi.

"Mu fara da addu'a."

Ba a ƙin addu'a a gidan makoki. Kafinta ya cire hula. Ngono ta ja carbin tun daga farko, a hankali, tana atishawa tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Da ta kai ƙarshe ta koma farko. Da Baba Mbida ya fara buga sanda a ƙasa, sai ta ɗauko waƙa mafi tsawo a littafin coci, wadda ko limamin cocin kan tsallake rabinta. Mawaƙa suka karɓa, domin Ma Bilo'o ba ta taɓa barin waƙa a rabi ba. Kafinta, ashe, yana da murya. Ya ajiye guduma ya shiga sahun maza. Daga cikin gida Kanal da Margarin suka riƙa karɓa amshi, mata suna share hawaye.

Ana cikin baiti na ƙarshe, Ngono tana neman wata waƙar a ranta ba ta samu ba, tasi ta tsaya a bakin rumfa, tunda babu hanyar wucewa.

Papa Zambo ya fito da gajeren wando, riga mai furanni, malafa, da ƙunshin busasshen jatan lande. Mutum ne mai tarbiyya. Ya ga makoki a layinsu, ya cire malafa, ya zauna a kujerar baya, ya karɓi giyar da aka miƙo ba a dubi fuskarsa ba.

"Wa ya rasu?" ya tambayi na kusa da shi.

Mutumin ya nuna kyalle. Papa Zambo ya ƙura wa hoton ido.

"Na san yaron nan," in ji shi.

Sai mutumin ya waiwaya. Kujerarsa ce ta fara faɗuwa, sauran suka biyo. Waƙa ta tsinke. Matan Baba Mbida suka bi ta kwalbati. Kafinta ya bar gudumarsa, bai dawo ɗauka ba. Baba Mbida kaɗai ya tsaya. Ya ɗebi toka daga murhun Ngono ya watsa wa ƙaninsa, don a ga ko mutum ne ko fatalwa. Papa Zambo ya yi tari, ya kakkaɓe riga.

"Yaya, lafiya?"

"Kai zan tambaya! Daga ina?"

"Kiribi."

"Wa ya mutu a Kiribi?"

"Ba kowa. Teku muka je gani."

"Me ya samu tekun?"

Honorine ba ta tsaya wannan ba. Ta ratsa kujeru da jakarta, ba ta kalli kyallen ba, ta isa wurin Ngono.

"Suna nan?"

"Suna nan."

Suka shiga, suka kulle. Kanal na kwance a kan kujera, ya cika ta. Margarin ta yi ƙoƙarin tsalle zuwa wurin uwar ɗakinta, ta fasa, ta tako a ƙasa. Honorine ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta duba kunnuwansu.

"Me kika ba su?"

"Abin da aka kawo miki."

Da suka fito, jama'a ta dawo, kuma Ma Bilo'o na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Tsoro ya wuce, lissafi ya fara.

"Honorine, sannu da hanya. Kin yi kyau, kin yi baƙi. Tambaya ɗaya gare ni. Ke kina Kiribi. To wa ke cinye abincinmu a ɗakin nan?"

Baba Mbida ya matso da sandarsa, yana leƙen ƙofa. Honorine ta kalli Ngono. Ngono ta share hanci da gefen zane.

"Ni ce."

"Ke? Duk ndolen nan?"

"Duk."

"Da kazar matar kwamanda?"

"Da ita."

"Har ƙashi? Kwanona ko ƙaya babu."

"Ina son ƙashi."

"Kukan da muke ji fa, kina tsaye tare da mu a waje?"

"Rediyo ne. Sabuwar waƙa ce."

Ma Bilo'o ta dube ta daga sama har ƙasa. Ngono siririya ce, kuma makonnin nan sun ƙara ramar da ita.

"Allah ya shirye ki," in ji ta. "Ko tsutsa ce, ki je asibiti."

An riga an biya hayar rumfar har Lahadi, giya kuma ba a mayar da ita, don haka aka ci gaba da zama. Abokan aiki suka karanta jawaban da suka shirya. Papa Zambo ya saurara daga kujerar gaba, ya gyara musu shekarar da aka yi masa ƙarin girma. Baba Mbida ya koma ƙauye da kyallen a buhunsa, ya ce ba za a sake buga wani ba in lokaci ya yi.

Tun daga nan, a duk taron layin, in Ngono ta iso mata kan matsar da tukwane. Yara suna kiranta Ma Ƙashi. Ba ta taɓa gyara maganar ba.

Kanal da Margarin kuwa sun daina cin kifin gwangwani. Jatan landen da Honorine ta kawo wa Ngono tsaraba a tukunyar ndole ya ƙare, ndolen kuma a kwanonsu. Yanzu duk Asabar Ngono kan tsallaka da rufaffen kwano, ta fito ido jajur. Ma Bilo'o kan gan ta daga baranda. Sai ta ɗaga murya ta gaida Papa Zambo, ta jira ya amsa da bakinsa.