Wayar Awon Baba

Auta na ƙoƙarin tura babur ɗinsa waje ba tare da ya tayar da shi ba, sai ƙofar gidan ta yi ƙara ta tona masa asiri. Daga kan tabarmarsa Baba ya tambaye shi ina zuwa da sassafe haka, babu kiret ɗin ƙwai ko ɗaya a baya.

Shekarunsa talatin da biyu, da mata da 'ya, amma har yau Auta ake ce masa, kuma har yau bai iya yi wa tsohon ƙarya ba. Ya faɗi gaskiya: shokar gaba, bututun nan biyu da ke riƙe da taya, ta daina shanye gargada. Jiya ƙwai suka farfashe masa a hanyar kai wa masu shaguna. Garejin dilan babura zai je a canza mata mai.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi shekara arba'in yana gyaran babura, bai taɓa zaton babur zai fita daga gidansa neman magani ba. Mama ta leƙo daga kicin ta ce wanda ya ƙi zuwa asibitin ido ai bai kamata ya hana babur zuwa nasa asibitin ba. Baba ya yi kamar da bango take. Shekara biyu ke nan yanar ido na rufe masa gani, shekara biyu yana rantsuwa garau yake gani.

Auta ya juyo da babur ɗin. Ya zai yi?

Ai kuwa tsohon ya sake, kamar an mayar masa da ƙuruciya. Hannunsa ne ke nemo sifana a akwati, bai taɓa ɗauko wadda ba ita ba. Suka ɗaga gaban babur a kan bulo, suka cire taya, suka zare bututun, suka tsiyaye tsohon man da ya yi baƙi yana wari. Baba na aiki yana zolayar masu gareji: riga mai tambari, in ji shi, ba ta ɗaure kusa.

Sannan ya ciro wayar awonsa. Wata 'yar waya ce ta ƙarfe, da ya yi wa tsaga da magagari tun Auta bai fara tafiya ba. Baba bai yarda da awon kwalba ba. Sai ya cire sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki, ya danne bututu, ya zuba mai, ya zura wayar. In danshi ya kai tsagar, aiki ya yi.

Ta dama ta kai daidai. Da aka zo ta hagu, Baba ya ɗaga wayar dab da hancinsa, ya juya ta wajen rana. Sabon mai fari ne tas, ba ya nuna kansa a jikin ƙarfe. Ya shafa da babban yatsa, amma yatsan ya riga ya jiƙe da maiƙo.

"Ya kai," in ji shi.

Bai kai ba. Auta na tsugune a gefensa, ya ga inda danshin ya tsaya, ƙasa da tsagar da kamar faɗin yatsa biyu. Ya buɗe baki, sai ya ga yadda fuskar tsohon ke walƙiya da jin daɗi, tausayi ya kama shi. Ya miƙa masa sifirin, aka rufe.

Bai yi nisa da gida ba ya taka birki a bakin wani rami, gaban babur ya nutse ya buga ƙwas. Ya tsaya a gefen titi ya daɗe yana tunani. Gobe da kaya zai bi hanyar nan, jibi kuma matarsa da 'yarsa zai goya. Daga ƙarshe ya karya kan babur ya nufi garejin dila, yana jin kansa kamar ɓarawo.

Makanikin, wani mai gilashi da riga mai tambari, marar yawan magana, ya auna duka biyun da sirinji. Ya ce wanda ya yi ta dama ya san aiki, ko shi iyakarsa ke nan. Ta hagu kuwa sai dai in ɗan koyo aka bar wa.

"Ni na yi ta hagun," in ji Auta.

Makanikin ya cika ta, ya ba shi shawara ya riƙa barin aiki ga masu shi.

Da la'asar ya dawo, ya tarar da Baba a ƙofar gida, da ma shi yake jira. Tsohon ya tashi ya kama kan babur, ya matse birki, ya danna sau biyu yana saurare. Ya shafa murfin bututun hagu, ya kai yatsa hancinsa. Wannan ba man da suka zuba da safe ba ne.

"Da nawa ya gaza?"

"Yatsa biyu, Baba."

"Kana gani lokacin?"

"Ina gani."

Baba ya saki kan babur ɗin.

"Nawa idon ya mutu, ba shi da laifi," in ji tsohon a hankali. "Naka fa, da ke da rai, ka bar ni na rufe? Da da jikata ka faɗa ramin nan?"

Auta ya sunkuyar da kai. Kunya ta hana shi magana da safe, ga shi yanzu wata ta fi ta.

Baba ya laluba aljihu ya ciro wayar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya sa masa a hannu. Ya juya zai shiga gida, sai ya tsaya yana dafe da ƙofa, ya tambayi Mama, ba tare da ya dube ta ba, wace rana ce likitan idon nan nata yake zama.

Ta ce Talata.

"To, Talata ka kai ni," ya ce wa Auta. Ya sake danna kan babur ɗin sau ɗaya. "A kan wannan. Mai rigar ya iya awo."