Reshen da Tata Ya Ɗauko

Shekara bakwai ke nan ina tsayuwa a saman dutsen esiKhaleni, a bakin teku inda ruwa ya huda wani ƙaton dutse ya bar rami, ina ɗaukar baƙi hoto da wayoyinsu. Na san inda mutum zai tsaya ramin dutsen ya fito a bayan kafaɗarsa, na san ƙarfe nawa rana take daina shiga ido. Teku kuwa na daina kallonsa tuntuni, sai dai ta gilashin wayar wani. A wuni ɗaya sai in ce "matsa kaɗan, yi murmushi" sau ɗari, in koma gida muƙamuƙina na ciwo.

A nan ƙanena Masixole ya faɗa bara. Ya zo kamun kifi ne ƙafarsa ta zame. Mun binne shi a gida, amma aiki bai ƙare ba, domin wanda ya mutu a waje ruhinsa yana nan inda ya faɗi har sai nasa sun je sun ɗauko shi. Tata, mahaifinmu, ya yi ta mafarkinsa a jiƙe yana rawar sanyi. Aka sa ranar Asabar, aka ɗaure sa a garke, aka yanko reshen itacen umphafa mai ƙaya. Tata ne zai riƙe reshen, ya kira ɗansa, ya taho da shi har ƙofar gida. A hanya ba zai waiwaya ba, ba zai yi wa kowa magana ba sai shi mamacin. In ya kuskure ɗaya, ruhin ya koma inda yake, sai a sake daga farko.

Na ce musu mu fita da sassafe kafin motoci su iso. Ina! Dattawa sai da suka sha shayi, suka yi gardama a kan wanda zai yanka san. Ƙarfe goma sha ɗaya muka kama hawa ni da Tata, ga watan Disamba, lokacin zafi da cunkoson baƙi a wurinmu, ga Tata da shekara saba'in da huɗu da gwiwa mai ruwa. Sau biyar ya zauna a kan dutse yana haki. Na riga na sani a raina cewa hawa ɗaya ƙafafun nan suke da shi yau.

A sama muka tarar da layi, kusan mutum talatin, kowa na jiran bakin dutsen nan guda da ake ɗaukar hoto. Nolitha mai sayar da sarƙoƙin duwatsu ta hango mu ta taso.

"Nomvuzo, sai yanzu? Ko da san kuka taho a ka?"

"Ke dai bari. Taimake ni da mutanen nan."

Na bi layin ina roƙo a ba mu minti biyar. Wani mai ƙaton tumbi daga birnin Egoli ya ce, "'Yar'uwa, mu ma fa layi muka biyo." Na ce masa ƙanena ya fi shekara yana jira a wurin. Ya shiga latsa waya. Wata Baturiya ta ɗaga kyamara tana cewa tsohon ya yi kyau da ganyensa, Nolitha ta sha gabanta ta baza zanen kafaɗarta kamar mai shanya.

Tata ya durƙusa da ƙyar. Iska na kaɗa masa kwat, can ƙasa ruwa na dukan ramin dutsen. Ya shafa reshen a ƙasa.

"Masixole, ni ne, ubanka. Ka daɗe a nan, ɗana. Tashi mu tafi gida, uwarka ta share ɗaki."

Na ɗaga shi, muka juya. Nolitha a gaba tana kore mutane da hannu, ni a baya. Shi kuma yana ta magana ƙasa-ƙasa.

"Ga gangara, bi a hankali. Ga kashin shanu, kauce. Kar ka kula mutanen nan, baƙi ne."

Rabona da jin sanyi a ƙirjina irin na lokacin tun ranar jana'iza. Mun sauko fiye da rabi, har ina hango rufin gidajenmu, sai ihu ya tashi daga sama. Muryar mace ce, doguwa, daga daidai bakin dutsen.

Tata ya juya gaba ɗaya jikinsa. "Ku riƙe ta!" ya ƙwala da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Ku riƙe ta mana!"

Sai dariya ta biyo baya. Wata budurwa ce ta yi tsalle don hoto, iska ta fizge mata hula. Ga ta can tana tafa hannu, ƙawayenta na nuna hular tana lilo zuwa ruwa.

Tata ya zauna a ƙasa, reshen a cinyarsa. Raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a baki, ban san da wa zan yi faɗan ba.

Nolitha ta rage murya. "Tata, mu uku ne kawai. Ni ban ga komai ba, Nomvuzo ma ba ta gani ba."

"Shi Masixole ya gani," in ji Tata.

"To me ya sa ka juya?" na faɗa da zafi. "Kullum haka suke ihu! Kullum! Ni ko kai ba na ɗagawa."

Ya dube ni, bai yi fushi ba. "Na sani, 'yata. Ranar da ya yi nasa ihun ma kina can saman dutsen, wurin aiki."

Ya miƙo mini hannu in ɗaga shi, ya fuskanci hawan, ya gwada taku ɗaya, gwiwar ta ƙi. Na tuɓe takalmana na ba Nolitha, na durƙusa a gabansa na juya masa baya.

"Hau, Tata."